Wasiƙa a kan faifan tsohon nan da ka aiko

Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin can? Mu ma nan hunturu ya kankama, leɓɓa duk sun tsage. Baba ya ce in gaya maka man zafin gwiwar da ka aiko ya yi masa amfani, Allah ya yi maka albarka.

Saƙonka ya iso, har da faifan mawaƙin Amurkan nan Randy Newman, mai suna Dark Matter, da takardun sharhin da ka buga daga intanet ka cusa a ambulan. A nan ka yi mini laifi, domin na karanta su kaf kafin in ji waƙa ko ɗaya, sai na shiga sauraro da kunnen wasu. Ga shi duk gidan nan ba abin da ke cin faifai sai rediyon tsohuwar motata. A ƙofar gida na zauna bayan isha'i, inji a kashe, na juya shi sau uku. Da safe batir ya ce bai san zancen ba, sai da yaran unguwa suka tura ni har bakin titi.

Ka tuna ɗakinmu na jami'a, ranar da ka sa mini kaset ɗin "Short People" kana ƙunshe dariya? Ni da ban kai kafaɗarka ba, na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarka. Ashe ba ni kaɗai na faɗa tarkon ba. Waƙar ta fito a 1977, ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin da aka fi so a Amurka, kuma gajeru da yawa suka fusata, alhali masu ƙyamar mutane ba gaira ba dalili yake yi wa shaƙiyanci. Dabararsa ke nan tun fil azal. Makaɗanmu in za su yi zambo, sukan nufi mutum kai tsaye ko su bi ta habaici. Shi kuwa rigar mutumin banzan yake sawa, ya ari bakinsa, ya bar shi ya tona wa kansa asiri. Dubi "Sail Away" ta 1972: dillalin bayi ne ke zuba wa 'yan Afirka daɗin baki su hau jirgi, kiɗan kuma mai taushi kamar na rarrashin jariri. Har yau in na ji ta tsigar jikina takan tashi.

To, ga abin da na gani a takardunka. Kusan duk yabo ne, kuma kusan duk da lissafi ɗaya suka buɗe: faifan ya fito a watan Agusta na 2017, mutumin yana da shekara 73, rabonsa da faifan sababbin waƙoƙi tun Harps and Angels na 2008, shekara tara ke nan. Daga nan sai a ce tsoho bai dakushe ba. Irin wannan yabon yana ba ni tsoro, domin ya yi kama da yadda ake tarbar dattijo a wurin ɗaurin aure: a miƙe masa, a ba shi kujerar gaba, amma ba mai sauraron abin da yake cewa. Furfura suka fara yaba wa kafin waƙa.

Sai kuma suka tare a kan "Putin". Na yarda tana da ban dariya, musamman 'yan amshin mata da ke zuga shugaban na Rasha a kan yawonsa ba riga, shi kuma yana hura hanci. Amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wace jarumta ce Ba'amurke ya zauna a Los Angeles ya yi wa Putin zambo a gaban mutanen da dama suna masa dariya? Wanda ya yi waƙar dillalin bayi, masu sayen faifansa ya tsokana, su da kakanninsu. Wannan kuwa jifan wanda ke ƙetaren kogi ne. Ban yi mamaki ba da na ga kyautar Grammy da waƙar ta ci a 2018 ta tsarin kiɗa da muryoyi ce. A nan kam ta cancanta. Abin gado ne, baffansa Alfred Newman Oscar tara ya ci a kiɗan fim, shi ma ya ci biyu. Yarana ba su san shi da komai ba sai waƙar fim ɗin yara Toy Story.

Wasu masu sharhin har da tambayar ina waƙar Trump, tunda a shekarar ya hau mulki. Shi da bakinsa ya ce ya rubuta guda, ta batsa ce, ya ajiye ta don kada ya ƙara wa ƙazantar da ake ciki. Ni dai na ga dattaku a nan.

Wadda ta buɗe faifan, "The Great Debate", ta kai minti takwas, kuma ta fi kama da wasan kwaikwayo. An tara masana kimiyya da masu imani a wani dandali, ana ta kai-komo a kan halittar sararin sama da asalin dabbobi da ɗumamar yanayi. Ka san inda na tsaya a kan addini, ni da shi hanyarmu ba ɗaya ba ce. Abin da ya sa ban kashe rediyon ba shi ne, ana tsaka da muhawarar sai wani ya miƙe daga cikin taron, ya kama sunan Newman ɗin, ya ce shi ne ya ƙirƙiro su duka, ya sa musu maganganun wauta a baki don ya ji daɗin kayar da su. Mai zambo ya kai ƙarar kansa a cikin waƙarsa. Wannan sai wanda ya shekara hamsin a sana'a, ya san inda dabararsa take yoyo.

Akwai ƙorafin da nake ganin gaskiya ne. Waƙa tara bayan shekara tara, biyu daga ciki kuma tsofaffi ne da ya yi wa shirye-shiryen talabijin ya sake musu riga. Wannan rowa ce. Muryar ma ta sha jiki, wani wurin magana yake yi kawai a kan piyano. "Sonny Boy" dai ta biya ni: makaɗin blues (kiɗan baƙaƙen fatar Amurka) Sonny Boy Williamson, wanda aka kashe a Chicago a 1948, shi ne ke ba da labari daga lahira, yana kukan wani ya ɗauke sunansa yana cin abinci da shi. Kuma abin ya faru, mutum biyu ne suka yi suna da wannan sunan.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in tura maka saƙon murya. Akwai waƙa biyu da takardunka suka ambata a gurguje, layi biyu-biyu can wajen ƙarshe, da cewa suna taɓa zuciya, shi ke nan. A wurina su ne faifan.

Ta farko "Lost Without You". Mace ce a gadon ajali, 'ya'yanta sun zo dubiya, suna ƙorafin ubansu, ita kuma tana kare shi, tana roƙonsu su riƙe shi bayan ranta. Shi kuwa yana laɓe yana ji. Aminina, kai ka san Inna, ka ci tuwonta ba adadi. Daren da ya rage mata kwana biyu, ta kira ni da Yaya, muryarta da ƙyar take fita. Ba ta yi zancen gona ko gida ba. Cewa ta yi, “Malam ba ya iya cewa yana jin yunwa, sai an lura.” Da na fito na tarar da takalman Baba a bakin ƙofa, shi kuma yana zaure yana jan carbi, kamar bai taɓa tashi ba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. A motar nan na kifa kai a sitiyari, maigadin maƙwabta har ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ta biyu ita ce ta rufe faifan, "Wandering Boy". Piyano ne da murya kawai. Dattijo ne a wajen wani taron unguwa da ya saba zuwa, kowa na nan sai ƙaramin ɗansa, wanda ya bi duniya ba a san inda yake ba. Yana tuna shi yana ɗan yaro, yana tsalle cikin ruwa ba tsoro, yana fatan duk inda yake wani ya ba shi wurin kwana. Gida nawa ne a layinmu ba su da irin wannan yaron?

Abin da na lura shi ne, dabarar ba ta canja ba. Aron bakin wani ne dai, irin wanda ya yi wa dillalin bayi, sai dai wannan karon ya ari bakin mutanen da ba ya nufin kunyatawa. Masu sharhin sun zo neman ɗan zambon da suka sani, suka same shi, suka tafa, suka tashi. Ina jin da wani baƙon suna ne ya fitar da waƙoƙin nan biyu, da su za a sa a kanun sharhi.

Kai da ka fi ni jin Turancinsu, ka saurari "Brothers" ka warware mini. Na gane tsohon shugaban Amurka John Kennedy ne da ƙanensa Robert suke shawarar kai wa Kuba hari, amma yadda zancen ya karkata ya koma kan mawaƙiya Celia Cruz ya wuce ni, ina jin akwai dariyar da ban kama ba. Ka saurari ta matar nan da ke gadon ajali ma, kai kaɗai, ba a gaban yara ba, ka rubuto mini.

In mai zuwa ya samu, ka aiko wa Baba man gwiwar nan kwalba biyu. Ba zai tambaya da kansa ba. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan auta.

Naka har kullum,
Amininka