A riƙa faɗa mana ribar haya bayan an cire ɗawainiya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon shafinku na kasuwanci ya daina karɓar maganar dillalai yadda suka kawo ta, cewa gida kaza "yana ba da kashi 10 cikin ɗari". Kusan kullum kuɗin haya ɗungurungum suke rabawa da farashin gida, alhali masu ƙiyasta darajar gidaje abin da ya rage bayan ɗawainiya suke rabawa. Wannan kason shi ne ma'aunin ribar haya.

Mu ɗauki misali. Gida mai fulat huɗu, an yi masa kuɗi naira miliyan 80, kowane fulat miliyan 2 a shekara. Dillali zai ce miliyan 8 kan miliyan 80, kashi 10 ke nan. To, fulat ɗaya ya yi wata uku babu ɗan haya: 500,000 ta tafi. Mai kula da gida ya ɗauki kashi 10 na abin da ya karɓo: 750,000. Fenti, yoyon kwano, injin burtsatse da kwashe masai, a ware miliyan 1.2, ko da bana ba a taɓa su ba, don rufin da bai zuba bana ba zai zuba baɗi. Mai gadi da harajin fili, 750,000. Saura miliyan 4.8.

Farashin ma ba miliyan 80 ba ne. Akwai la'ada, kuɗin lauya, kuɗin hatimi, da na neman amincewar gwamna wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta kafin a sauya mallaka. A ce sun ci miliyan 8. Miliyan 4.8 kan miliyan 88 bai cika kashi 5.5 ba.

Babban amfanin wannan ma'auni wajen tayi ne. Mai son kashi 8 ya raba miliyan 4.8 da 0.08, zai ga bai kamata duka abin da zai kashe ya wuce miliyan 60 ba.

Ba a sa biyan bashin banki a wannan lissafi, domin gidan ake aunawa, ba aljihun mai saye ba. Haka kuma ba ya ƙirga tashin daraja, shi ya sa kangon fili ribarsa sifili ce a wannan ma'auni ko da kuɗinsa na ninkawa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, don haka wanda ya saya a kan kashi 5 tashin darajar gidan ya dogara da shi, ba haya ba, gara ya san haka tun farko.

Idan kuwa aka kawo gida mai kashi 15, a tambayi takardar mallaka, a nemi rasiɗin haya na shekara biyu, sannan a je a ga unguwar a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano