Zuwa ga Yallaɓai Darakta: Amsar Tambayarka Kan Jakunkunan Ocean's Eleven

Assalamu alaikum, Yallaɓai.

Saƙonka ya iso, duk da ba ta hannuna ka aiko shi ba, a bainar jama'a ka jefo shi. Bayan sharhin da na yi kan kurakuran fim ɗin Ocean's Eleven na 2001, labarin wasu ɓarayi da suka yashe ma'ajiyar kuɗin gidajen caca a Las Vegas, ka tambaye ni wane fim na taɓa shiryawa da har zan tsaya ina ƙirga wa daraktansa Steven Soderbergh laifi, ka ƙara da cewa mabiya nake nema, kuma wai ban san fim ƙirƙira ba ne. Tunda a kasuwa ka yi kiran, a kasuwar zan amsa.

Ban taɓa shirya fim ba, kuma ba ni da niyya. Amma wanda tela ya ɗinka wa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba sai ya sayi keken ɗinki ba kafin ya buɗe baki. Ni mai kallo ne, kuma don irina ake yin fim.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne batun ƙirƙira, domin ya nuna ba ka karanta rubutun ba. Na san ƙirƙira. A fim ɗin an nuna damben Lennox Lewis da Wladimir Klitschko a MGM Grand, alhali mutanen nan ba su taɓa karawa ba. Vitali, yayan Wladimir, shi ne Lewis ya doke a 2003 a Los Angeles. Ka ga na sa wannan cikin kurakurai? Ban sa ba. Haka na'urar da Basher, ɗaya daga cikin ɓarayin, ya ɗauke wutar Las Vegas da ita daga cikin mota: irinta ta gaske tana cibiyar bincike ta Sandia a jihar New Mexico, faɗinta ya haura mita 30, babu motar da za ta ɗauke ta. Na ambata, na yi dariya, na wuce. Ko kofin jatan lande da ke hannun Brad Pitt, wanda ya rikiɗe ya koma faranti daga wannan ɗauka zuwa waccan, cewa na yi mai lura da kwantiniti, wato daidaiton kaya tsakanin ɗauka da ɗauka, ya ɗan yi gyangyaɗi. Ban ce a ƙone fim ɗin ba.

Inda na tsaya shi ne jakunkuna, kuma nan ne ka tsallake kamar ba ka gani ba. An tilasta wa Terry Benedict, mai gidan cacar Bellagio, ya sa mutanensa su kwashi jakunkunan da aka turo daga ma'ajiyar kuɗin Bellagio su loda a farar mota. Aka bi motar har filin jirgi, aka tarar babu kuɗi, takardun talla ne maƙil. Madalla. To ta ina takardun suka shiga ma'ajiyar? A lokacin mutum uku ne kawai daga ɓarayin a ciki: Yen da aka shigo da shi a dunƙule cikin akwatin tura kuɗi, sai Danny da Linus da suka sauko ta ramin lifta da igiya. Sauran abokan nasu, masu shigar 'yan sanda, ba su iso da nasu jakunkunan ba sai bayan motar ta tafi. Wannan ba kofi da faranti ba ne, Yallaɓai. Fim ɗin sata gaba ɗayansa alkawari ne tsakanin mai shiri da mai kallo: zan ruɗe ka, amma a ƙarshe zan nuna maka yadda aka yi. Idan dabarar kwashe sama da dala miliyan 150 ta dogara kan kayan da babu ƙofar da suka bi, an karya alkawarin, ko da an karya shi cikin raha da kiɗa mai daɗi. Kuma fim ɗin yana da daɗin, na faɗa tun a layin farko.

Maganar mabiya kuwa, shekarun da na yi ina rubutu mutane sun san ko da me nake ci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda sharhi kan fim ɗin Amurka ya hana ka barci a nan gida. Soderbergh bai san ina duniya ba. Ko dai tsoron kada gobe in juyo da idon nan kan naka ne?

Domin ciwon namu ke nan. A masana'antarmu, ka ce jarumi ya shiga ɗaki da hula zanna ya fito da dara, sai a ce hassada kake yi. Ka ce an ɗauki wasan ƙauyen zamanin da ga wayar lantarki tana reto a sama, sai a tambaye ka wa ya turo ka. Yaron da aka ba aikin kwantiniti kuma shi ake aika sayo ruwa ana tsakiyar ɗauka.

Girmanka yana nan, Yallaɓai, ban taɓa shi ba. Kai ne ka san kyamara, ni ban sani ba. Don haka ka taimaka wa jahili: ka sake kallon fim ɗin, ka faɗa mini a wane minti aka shigar da takardun nan. Idan ka samo, zan buga amsarka da sunanka a sama.

Naka mai kallo.