Zuwa ga Isufu a Abijan, kan maganar ajiyar hotuna

Tawa, watan Afrilu

Abokina Isufu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin Adar da ka sani. Na biya wajen Inna ranar Juma'a, ta ce in gaya maka saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Na saurari muryar da ka aiko mini kan hotunan da suka cika maka waya, da kile, wato ɗan makullin USB na ajiyar fayiloli, mai 2 TB (kusan 2,000 GB ke nan) da ka gani a kasuwar waya ta Ajame, wanda ka ce kuɗinsa bai kai na caja mai kyau ba. Don Allah bar shi a teburin mai shi. Jabu ne, kuma akwai mugunta a yadda ake haɗa shi. Ƙwaƙwalwar da ke ciki ƴar ƙarama ce, 16 GB ko 32 GB, sai a gyara ta ta riƙa gaya wa kwamfuta ita 2 TB ce. Za ka zuba hotuna ka ga suna shiga, sunayensu a jere, hankalinka kwance. Da wurin gaskiya ya cika, sai sababbi su hau kan tsofaffi, ko su tafi a banza. Ba za ka sani ba sai ranar da ka nemi hoton sunan Hadiza ya ƙi buɗuwa. Ana kawo mini irinsu shago ana roƙona in ciro abin da ke ciki, alhali babu abin cirowa. Ko a babban kanti ka sayi abin ajiya, sa a gwada maka shi da H2testw. Manhaja ce ta kyauta, tana cika shi fal sannan ta sake karantawa ta faɗi girmansa na gaskiya. Tana ɗaukar awoyi, ka yi haƙuri da ita.

Ko kile na ƙwarai ma, aikinsa ɗaukar kaya daga nan zuwa can ne, kamar kurar ɗan dako, ba a mai da shi rumbu. Haka katin da ke cikin waya: in aka sace wayar, tare suke tafiya.

Abin ajiya na gaske iri biyu ne. Akwai diski dir, mai faifai a ciki yana juyawa kusan sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu da ke shawagi dab da fuskarsa yana rubutu yana karatu. Kamfani uku ne suka rage a duniya masu ƙera shi, Seagate da Western Digital da Toshiba, saboda haka duk wani sunan da ka gani a kwali, ɗaya daga cikinsu ne a ciki. Shi ne mai araha in ana maganar yawan wuri. Lagonsa faɗuwa: ya zamo daga tebur yana cikin aiki, ko yaro ya fizgi igiyar, shi ke nan. Zafi ma ba ya so. Takardar My Passport, wani diski dir na Western Digital, ta ce a yi aiki da shi tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa nan da azahar mun wuce 40. Shi ya sa ni da asuba ko da dare nake jona nawa.

Sai SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Bai kai waya girma ba, yana jure jijjigar mota, ga sauri. Wani SSD mai suna Samsung T7 yana kai 1,050 MB a daƙiƙa, mai juyawa kuwa ɗari da ƴan kai. Amma ya fi tsada sosai, kuma ba ya gargaɗi. Diski dir sau da yawa sai ya fara ƙas-ƙas kafin ya mutu, ka samu ka kwashe kayanka, SSD kuwa ka wayi gari kawai kwamfuta ba ta ganinsa. Kuma bayanansa da ɗan cajin lantarki ake riƙe su, in aka jefa shi cikin akwati shekara da shekaru a ɗaki mai zafi ba a jona shi, suna iya zurarewa.

To ga shawarata, ita ce ma dalilin wannan doguwar takarda: kada ka sayi babba guda ɗaya, sayi matsakaita biyu. SSD mai 1 TB ya zauna wurinka, tunda da waya kake aiki, wayarka kuma mai bakin USB-C ce, kai tsaye za ka jona shi. Diski dir yakan buƙaci wutar da waya ba ta iya ba shi, sai ka ji yana ƙoƙarin tashi ya kasa. Na biyun diski dir mai 1 TB ko 2 TB, shi kuma ya zo Tawa ya zauna a wurina ko ɗakin Inna. Masu wannan sana'a cewa suke kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Kai da ke da gida biyu a ƙasa biyu ai ka huta. Gobara ko ɓarawo ko ruwan Abijan da ke shiga ɗakuna da damina ba za su haɗa da na nan ba. Hoton da ka kwafe a diski sannan ka goge daga waya, wuri ɗaya yake har yanzu, ka tuna da wannan kafin ka danna gogewa.

Kada 1 TB ya yi maka kaɗan a ido. In hoton waya ya kai 5 MB, zai ɗauki kusan 200,000. Bidiyon biki ne mai cin wuri. In ka jona ka ga kwamfuta ta rubuta 931 GB kada ka koma ka yi faɗa da mai kanti, masu ƙerawa da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024. Ka ce a tsara maka su duka biyun da exFAT, wani tsarin jera fayiloli a diski, shi ne Windows da Mac da yawancin wayoyin Android na yanzu ke karantawa. Tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce 4 GB, bidiyon auren ƙanenka ba zai shiga ba. Manyan diskin nan masu cajarsu dabam da ake jonawa a bango, bar su. Da yadda ake ɗauke mana wuta nan, wata rana a tsakiyar kwafi za ta tafi.

Na san za ka ce ai hotunan suna WhatsApp. WhatsApp matse hoto yake yi ya rage masa kyau, sai in a matsayin takarda aka tura shi. Google kuma 15 GB yake bayarwa kyauta, har da Gmail a ciki, kuma tun Yunin 2021 ya daina ajiyar hotuna ba iyaka. Zaɓi waɗanda ba ka iya rasawa ka ɗora can, ya zama na uku.

Ka yi kwafin kafin ka hau mota zuwa Tawa, amma a kwamfutar wanda ka yarda da shi, ba a siber ba, can ne ake kwaso cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi marasa komai. Diski dir ɗin ka naɗe shi cikin tufafi a jakar da ke kan cinyarka, kada ya shiga kayan da ƴan kamasho ke jifa.

Wani abu kuma: tsofaffin hotunan marigayi Baba na takarda da ke cikin kwallar Inna sun fara manne wa juna. In ka yarda in karɓo su in ɗauke su da na'urar shago kafin Babbar Salla, in ka zo mu zuba su tare da naka. Ka kira ta ka gaya mata da kanka, ni ba za ta ba ni su ba.

Gai da uwargida da Hadiza, da duk ƴan Adar na unguwarku.

Naka,
Mahamadu