Godiya ga ofishin tafiye-tafiyen da ya shirya mana zagayen Maroko

Zuwa ga Alhaji mai ofishin tafiye-tafiye na PZ, Sabon Garin Zariya, da dukkan ma'aikatansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuta wannan wasiƙa a idon jama'a ne domin yabon gwani ya zama dole, kuma abin da kuka yi mini da iyalina ya fi ƙarfin godiyar bakin ƙofa.

Mutanen Zariya sun san ku da aikin Umara da ziyarar Fas. Buƙatata kuwa daban ce. Bayan ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, na so mu ɗauki hayar mota irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, mu tuƙa kanmu zuwa kudancin Maroko, inda ake ɗaukar manyan finafinan duniya. Ɗana mai karatun wasan kwaikwayo a Samaru shi ya sa mana wannan buri. Alhaji, ba ka raina maganar ba, ba ka kuma cika mini baki ba. Cewa ka yi ba ku taɓa shirya irinta ba, in ba ku lokaci ku bincika. Tun daga nan na san na faɗa hannu nagari.

Hajiya mai kula da biza ta bi takardunmu ɗaya bayan ɗaya, ita ce ma ta sa na nemi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun da wuri. Kun fassara mana sharuɗɗan inshora da na kuɗin ajiyar da masu motar ke riƙewa, kun rubuta mana wuraren kwana masu ruwa da lantarki a kan hanya. Wannan takarda ba ta bar aljihuna ba har muka dawo.

Daga Fas muka haura Ifran, muka ratsa dajin Azru mai dogayen itatuwa da birai a bakin titi, sannan muka gangara kwarin Ziz, inda dabino ya bi kogi iya ganinka. A Marzuga, gindin tuddan yashi, famfon ruwan motar ya tsaya. Dare ne, amma yaronku na kan kwamfuta ya amsa saƙona na WhatsApp, ya tashi masu motar, kafin hantsi mai gyara ya iso. Allah ya yi wa yaron nan albarka.

A Warzazat mun shiga Atlas Studios, wurin ɗaukar finafinai wanda aka kafa a 1983. Fadoji da gumakan Masar da ke cika ido a talabijin, ashe katako ne da filasta. Ɗana ya yi ta ɗaukar hoto, ni kuwa hankalina bai tafi ba sai da muka isa Ait Bin Haddu. Tsohon gari ne na ƙasa a jikin tudu, gefen kogin Unila, a kan hanyar da ayarin fatake ke bi tsakanin Sahara da Marrakesh. A nan aka ɗauki wani sashe na finafinan Lawrence of Arabia na 1962 da Gladiator na 2000, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 1987. Yawancin mutanensa sun koma sabon gari a tsallaken kogi, amma ba a bar tsohon ya zube ba. Ana yaɓe shi, ana gyara shi, baƙi na zuwa. Na shafa bangon, jar ƙasa da ciyawa, na tuna tsohon masallacin Juma'a na birnin Zazzau da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, da zaurukan cikin ganuwa da muke rushewa muna sa bulo. Wallahi gininmu bai gaza nasu ba. Abin ya tsaya mini a rai, har yanzu bai sake ni ba.

Shawararku da ta fi kowace amfani ita ce kada mu hau hanyar Tishka, mai zuwa Marrakesh, da dare. Hanyar tana hawa fiye da mita 2,200 a tsaunukan Atlas, kwana kan kwana, ga manyan motoci. Mun kwana a ƙasa, muka hau bayan sallar asuba da gari ya waye, muka isa Marrakesh lafiya.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba. Bayan mun dawo kuka kira ni, kuka ce lissafi ya nuna ragowar kuɗina, kuka mayar mini. Ban san da su ba, da kun yi shiru babu mai tambaya.

Duk ɗan Zazzau da ke son irin wannan tafiya, ya je ya same su, ya kuma je da wuri domin biza na cin lokaci.

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya jiƙan magabata, ya bar ku da amana.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.