Godiya ta musamman ga Injiniya da yaransa na shagon kwamfuta da ke Ahmadu Bello Way, Jos

Assalamu alaikum Injiniya, da kai da yaranka gaba ɗaya, ya aiki ya kuma wannan sanyin namu na Jos.

Na san ranar da na zo biyan cikon kuɗin aikin kwashe sautin faya-fayan sidin Baba na yi godiya da baki, amma wallahi ina saukowa daga benen nan na ji kamar ban ce komai ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili inda jama'a za su gani, tunda yabon gwani ya zama dole. Ban kama sunan shagon ba saboda ka nuna ba ka son haka, amma duk mai bin wajen Terminus da ya taɓa kai laftof gyara zai gane benen da nake nufi.

Ga waɗanda ba su san maganar ba, mahaifinmu ya yi sama da shekara talatin yana tuƙin babbar mota tsakanin Jos da Kano da Legas, kuma shi mutum ne da ba ya tafiya shiru, tun zamanin kaset yake tara abin saurare, da sidi ya shigo kuma ya koma kansa. Akwai na karatun Alƙur'ani da ya zo da su daga aikin Hajji, akwai tafsirin azumi, akwai kiɗan kuntigi da kalangu da garaya da waƙoƙin fada, ga na Indiya ga na Sudan ga hailaif na mutanen Gana, wasu ma a babbar kasuwar Terminus ya saye su tun kafin gobarar 2002. Da muka zazzage jakunkuna Gana-mas-go guda biyu da ke ƙarƙashin gadonsa muka ƙirga, faifai 386 muka samu. To yanzu Baba ido ya yi rauni, rubutun jikin faifai ba ya ganinsa, na'urar sidin da ke falo kuma bakinta ya daina fitowa sai an sa tsinke, ga ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, laftof ɗin yanzu kuwa ko ramin sa faifai babu. Sai ya zama kaya na nan jibge amma gidan shiru, kuma duk wanda ya san Baba ya san shirun nan ba ƙaramin damunsa yake ba, ko da bai faɗa ba.

Kafin in zo wurinku na fara kai guda ashirin wajen wani mai tura waƙa a waya, a ranar ya gama ya ba ni a memori, na zo gida na kunna, komai sunansa ɗaya sai lamba, ta ɗaya ta biyu ta uku, ba ka san tafsiri ba ba ka san kalangu ba sai ka buɗe, sauti kuma kamar daga cikin gwangwani, inda faifai ya karce nan ma waƙar ke tsalle. Raina ya ɓaci sosai, har na ce a bar maganar kawai.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada ku. Abin da ya fara burge ni Injiniya, ba ka fara da maganar kuɗi ba, tambayata ka yi wa zai saurara, a wane ɗaki, da wace na'ura, kuma akwai rauta, wato na'urar wayi-fai, a gidan ko babu. Da na ce dattijo ne mai raunin ido sai ka jawo kujera ka ce in zauna. Nan ka yi min bayanin da har yau ina maimaita wa mutane, cewa shi sidi tun 1982 da Sony da Philips suka fito da shi tsarinsa ɗaya ne, ana ɗaukar sauti sau 44,100 a duk daƙiƙa, faifai ɗaya yana cin kamar minti 74 zuwa 80, wajen megabait 700, kuma in za a kwashe shi akwai hanya biyu. Ka ce FLAC kamar mutum ya ninke babbar riga ne ya sa a jaka, ta ƙanƙance amma in ka warware tana nan da aikinta zare bai ɓata ba, MP3 kuwa sai an yayyanke gefe-gefen da ake ganin ba za a lura ba, kuma abin da aka yanke ya tafi ke nan har abada. Ka ce tunda aikin sau ɗaya za a yi a yi shi da FLAC, in ya so duk ranar da ake son ƙarami na sawa a waya sai a fitar daga cikinsa. Ni da na zo da niyyar a zuba min a fulash in wuce, na tashi da fahimtar abin da nake shirin yin asararsa.

Sati uku aikin ya ɗauka, kuma ina yawan leƙowa bayan la'asar, to a nan na ga yadda yaronka ƙaramin nan mai gilashi yake aiki, Allah Ya yi masa albarka. Ba ya taɓa riƙe faifai sai ta baki-baki, ya ɗaga shi saitin taga ya duba, sannan ya ɗauko tsumma mai laushi ya goge daga tsakiya zuwa waje, ba ya zagayawa, na tambaye shi dalili ya ce karcen da ya bi zagaye shi ya fi ɓata karatu saboda haka bayanan suke kwance. Shi ne ma ya nuna min abin da ban taɓa sani ba, wai bayan faifai inda ake rubutu ya fi cikinsa mai ƙyalli haɗari, don abin da ke ɗauke da sautin yana dab da fentin ne, in nan ya kwarzane har haske na ɓullowa to babu gyara. Mu kuwa duk tsawon shekarun nan kifa su muke yi a kan tebur ta wajen rubutun muna ganin lallaɓawa muke.

Manhajar da kuka yi aiki da ita, Exact Audio Copy, na ga ba ta gaggawa, inda ta yi shakka sai ta koma ta sake karantawa, in ta gama kuma a gwada da AccurateRip a ga ko ya yi daidai da na sauran mutanen duniya da suka kwashi irin faifan. Na Indiya da na Turai da yawa nan take suka dace, sunayensu ma suka sauko da kansu daga MusicBrainz, rumbun sunayen waƙoƙi na intanet. Amma namu na Hausa fa, kusan duk babu su a can, ba suna ba hoto ba komai, kuma a nan ne na san kun riƙe aikin nan amana. Da wasu ne sai su bar su da lamba su ce ai intanet bai san su ba. Ku kuwa kowane ɗaya sau biyu kuka karanta kuka gwada su da juna, sannan yaron nan ya zauna ya buga sunaye ɗaya bayan ɗaya da hannu, da ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa, ya ɗauki hoton kwalin ya liƙa, inda rubutu ya goge kuma sai ya kira ni in haɗa shi da Baba, ya kara waya a sifika ya kunna kaɗan, Baba daga gida ya ce wannan ai wane ne, a gidan sarki kaza ya yi ta, shekarar da aka yi kaza. Wani lokaci kiran minti biyu sai ya koma rabin awa don Baba in ya fara labari ba ya tsayawa, kuma ban taɓa ji yaron ya katse shi ba, "to Baba, na'am Baba" kawai. Hajiya ta ce kwanakin nan da yamma Baba wayarsa na hannu yana jiran kiran "ɗan sidi".

Sai maganar gaskiya a ciniki. Ashe cikin faifan akwai wajen sittin da tun asali MP3 ne aka zuba a ciki irin na kasuwa, wasu kuma bidiyo ne na VCD, ni ban san bambancin ba, da kun caje ni kuɗinsu daidai da sauran ba zan taɓa ganewa ba. Kai da kanka ka kira ni ka ce mayar da waɗannan FLAC ɓata wuri ne kawai, ba zai dawo da abin da aka riga aka yanke ba, kwafarsu za a yi yadda suke, kuma ka rage kuɗin. Guda uku da suka ƙi karantuwa sam ka ware su a leda ka rubuta dalili a jiki, ba ka ɓoye ba. Ka kuma ce ba za ku ajiye kwafi a shago ba balle a tura wa wani, kayan Baba ne na sauraron gidansa, a gabana aka goge na kan kwamfutarku bayan an tabbatar komai ya hau.

Amma wanda ya sa ni wannan rubutun shi ne faifan nan mara kwali, wanda aka rubuta "walima" da maka a jiki. Irin wanda ake ƙonawa a kwamfuta ne, kuma ka gaya min irinsu sun fi saurin mutuwa saboda sinadarin cikinsu yana dusashewa da zafi da haske. Wani kaset ne na walimar auren yayarmu aka mayar sidi tun 2004, kaset ɗin ya ɓata tuntuni, kuma a ciki akwai muryar ƙanin Baba, Allah Ya jiƙansa, yana addu'a yana sa wa amarya albarka. Na'ura ta farko ta ƙi shi, ta biyu ta kai rabi ta tsaya, ka je gida ka ɗauko wata tsohuwa taka ka bar ta tana ja a hankali tun magariba har wayewar gari a kan inbata. Da safe ka turo min saƙo, ya fita, daƙiƙa huɗu kawai muka rasa wajen ƙarshe. Ranar da aka kunna a falo Baba yana zaune cikin bargo da hular sanyi, kofin shayi a hannu, muryar na fitowa ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya cire gilashi, bai ce uffan ba har aka shafa, shi ma ya ɗaga hannu ya shafa tare da mutanen cikin faifan, sannan ya ce a maimaita. Sau uku aka maimaita. Hajiya na bakin ƙofa da gefen mayafi a fuska.

Akwatin ajiyar da kuka haɗa mana kuwa, wanda kuke cewa NAS, ƙirar Synology mai ɗaukar had dis biyu, kowanne terabait 2, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan, yana nan kan kanta kusa da rauta ko ƙararsa ba a ji. Duk tarin Baba bai kai gigabait 150 ba, abin har mamaki ya ba ni, jaka biyu ta koma cikin abin da bai kai bulo ba. Kuma na ji daɗi da ka nace cewa had dis biyu a akwati ɗaya ba shi ne ajiya ba, in wuta ta zo da ƙarfi ko ɓarawo ya ɗauke akwatin duka biyun sun tafi, shi ya sa ka sa na sayi na uku aka kwafe komai, yanzu yana gidan yayata a Bukuru. Ka haɗa shi da UPS, batirin nan mai riƙe wuta, ta yadda in an ɗauke wuta batir ya yi ƙasa zai kashe kansa cikin tsari, ka kuma hana ni zubar da tsohuwar amfilifaya da sifikun Baba, ka ce sun fi sababbin da nake shirin saya, ƙaramar na'ura kawai aka jona musu. Abin da ya fi yi wa Hajiya daɗi shi ne ba ya cin data, ko babu ko sisi a layin, muddin rauta na kunne, tana kicin tana jin tafsirinta a waya ta manhajar Jellyfin, Baba na falo da garayarsa, ƙanina na ɗaki da nasa, duk daga akwati ɗaya ba mai jiran wani. A tsohuwar tablet kuma kun yi wa Baba jeri uku da manyan haruffa, Asuba, Hantsi, Dare, jikarsa 'yar shekara bakwai ce direban, da ta dawo daga Islamiyya zai ce zo ki sa min na dare.

Sau biyu na kira bayan an gama, ɗaya na manta kalmar sirri, ɗaya kuma yara sun zare waya a bayan rauta, duka biyun yaronka ya hau Keke ya zo har Unguwar Rogo, da ƙyar ya karɓi kuɗin mota.

Allah Ya saka da alheri Injiniya, Ya ƙara buɗi, Ya tsare shagon nan daga gobara da sharrin masu sharri, yaran nan kuma Allah Ya nuna mana ranar da za su buɗe nasu. Baba ya ce a gaya maka akwai kwali ɗaya na kaset a saman sif da bai yarda kowa ya taɓa ba sai ku, ranar Asabar in sha Allahu zan shigo da shi, da buhun dankalin da ya sa aka kawo muku daga Bokkos. Ya kuma ce lallai ɗan sidi ya zo cin tuwo ranar Juma'a, wai akwai labarin wani makaɗin kotso da bai ƙarasa ba shi ba.

Naku,
ɗan Baba direba, Unguwar Rogo, Jos