Ƙuri'ar yanke ƙauna ba ta taɓa shugaban ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka gayyato a shirin daren Lahadi ya faɗa har sau uku cewa a tsarin mulkin Nijar na 2010 'yan majalisa na iya sauke shugaban ƙasa da ƙuri'ar yanke ƙauna, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne" yake cewa. To, ba haka ba ne, kuma raina ya ɓaci.

A kundin na 2010, ƙuri'ar nan gwamnati take kayarwa, wato firaminista da ministocinsa. Sai kashi ɗaya cikin biyar na 'yan majalisa sun sa hannu kafin a karɓi takardar. Ba a jefa ƙuri'a sai an yi awa 48 da ajiye ta. Masu goyon baya kaɗai ake ƙirgawa, kuma dole su haura rabin majalisar baki ɗaya, ba rabin waɗanda ke zaure ba. Nan mafi yawa ke mutuwa: wanda ya zauna gida da wanda ya yi shiru duk gwamnati suka taimaka. In ta wuce, firaminista ya kai wa shugaban ƙasa takardar murabus, shi kuma ya naɗa wani. Tun kafin kundin 2010 ma haka aka yi ranar 31 ga Mayu 2007, da 'yan majalisa 62 cikin 113 suka kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadu. Shin shugaban ƙasa Tanja ya motsa daga kujerarsa?

Shi shugaban ƙasa ƙofarsa daban ce: tuhumar cin amanar ƙasa, da kashi biyu cikin uku na majalisa, sannan kotun musamman ta yi shari'a. Sanda kuwa na hannunsa, don yana iya rusa majalisar. A 2009 kowa ya gani. Tanja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu. Kotun tsarin mulki ta soke dokar kiran zaɓen raba gardama ranar 12 ga Yuni, ita ma ya rusa ta ranar 29. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, sojoji suka zo ranar 18 ga Fabrairu 2010. Tazarce, wato yunƙurin Tanja na tsawaita mulkinsa, ba ƙuri'ar majalisa ce ta tsayar da ita ba.

Mu Damagarawa ma bai kamata a yi mana wannan kuskure ba. Zaman 'yan marina na 1995 ɗanmu Mahaman Usman ne a fadar shugaban ƙasa, 'yan adawa na riƙe da majalisa da gwamnati. Su ba su iya sauke shi, shi ba ya iya korar firaministansu, har taron ministoci ya gagara, sai da Kanar Ba'are ya raba su da juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996.

Na san an dakatar da kundin 2010 tun Yulin 2023, amma ɗalibai na sauraronku, abin da suka ji shi suke rubutawa a jarrabawa. Ku gyara a shiri mai zuwa, da bakin mai gabatarwa.

Sannan don Allah shirin Hausa ya zama na Hausa. Rabin maganar baƙin naku Faransanci ne, ba mai fassarawa, tsofaffi a majalisar shayi sai tambayar juna suke me aka ce.

Mai sauraronku,
daga unguwar Birni, Damagaram