Wasiƙar Godiya ga Shagon Gyaran Manyan Babura da Ya Zaɓa Mini Damfar Sitiyari a Jos

Zuwa ga Maigida da dukkan ma'aikatan shagon gyaran manyan babura da ke kan hanyar Bukuru, Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da yaran shago baki ɗaya. Na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a maimakon in tsaya ga godiyar da na yi muku baki da baki, domin ina so 'yan'uwana masu hawa manyan babura a Filato su ji yadda na zo muku da kuɗi a aljihu zan sayi kaya, amma kuka ƙi karɓar ko sisi sai da kuka gano ainihin abin da ke damun babur ɗina.

Babur ɗin nawa Yamaha R6 ne, mai injin cc 599, na hannu na saye shi. A cikin hunturun da ya wuce ina dawowa daga Akwanga, na gama haye Hawan Kibo na doshi Riyom, sai na buɗe wuta domin in wuce wata tirela. A daidai lokacin da gaban babur ya yi sauƙi saboda ƙarfin totur, tayar gaba ta taka wani wuri da kwalta ta ɓalle. Nan take kan babur ya fara fizga hagu da dama da wani irin sauri da ƙarfin da hannun mutum ba zai iya tsayar da shi ba, har gwiwoyina suna bugun tanki. Abin bai wuce 'yan daƙiƙu ba Allah ya kawo sauƙi ya lafa. Da na kama birkin gaba domin in sauka gefen titi, sai hannun birkin ya zo wayam, sai da na matsa shi sau uku kafin ya kama. Na daɗe a zaune bakin hanya, yatsuna suna rawa har na kasa kwance igiyar hular kwano.

Duk wanda na ba labarin cikin abokan hawa, magana ɗaya yake yi, wato in nemi damfar sitiyari, na'urar nan mai ɗauke da mai a cikinta wadda ke tausasa fizgar kan babur. Wani ma har ya turo mini hoton wata mai launin zinariya da ake tallarta a intanet da arha mai ban mamaki. Da wannan hoton a waya na shigo shagonku, ina ganin ciniki ne na minti goma.

Ranka ya daɗe, ba zan manta da yadda ka karɓi maganar ba. Ka saurare ni har na kai aya, sannan ka ce damfa tana rage ƙarfin fizga ne kawai, ba ta gyara abin da ya jawo fizgar, kuma wanda ya ɗaura ta a kan babur mai matsala ya rufe ciwo ne da riga. Ka sa yara suka ɗaga gaban babur tayar ta bar ƙasa, ka kama kan kana juya shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, sai ka kira ni ka ce in sa hannuna. A daidai tsakiya na ji yana ɗan maƙalewa, kamar ya faɗa cikin wani ƙaramin gurbi. Da aka kwance, ka ɗora mini zoben boris ɗin wuya a tafin hannu, ga tabo nan a jere inda ƙwallayen suka ci ƙarfe, giris ɗin kuma ya bushe ya koma kamar jar ƙasa. Bayan haka ka sa geji mai auna iskar taya a tayar gaba, ta nuna 27, alhali kamfanin ya ƙayyade 36 a gaba da 42 a baya. Ka kuma nuna mini lambobi huɗun da ke gefen tayar, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi ta, sai ga shi tayar ta tsufa ƙwarai ko da yake zanenta bai gama cinyewa ba. Shekara biyu ina hawan babur ɗin ban taɓa sanin ma'anar waɗannan lambobi ba.

A ranar ba ku sayar mini da damfa ba. Kun canja boris, kun sa sabuwar taya, kun duba man ƙafafun gaba da daidaiton tayar baya, kun fitar da iska daga birki, kuka ce in je in hau na mako biyu sannan in dawo mu yi maganar damfa. Ka kuma bayyana mini dalilin da birki ya zo wayam a ranar da abin ya faru, cewa girgizar ce ke tura takalman birki baya su rabu da faifai, saboda haka duk wanda ya tsira daga irin wannan fizga ya fara matsa birkinsa ya tabbatar ya kama kafin ya buƙace shi. Wannan bayani kaɗai ya cancanci tukuici, kuma na riga na isar da shi ga mahaya da dama.

Da na dawo na gaya maka babur ya canja kamar ba shi ba, na ɗauka za ka ce a bar zancen. Sai ka ce a'a, yanzu ne damfa za ta yi amfani, domin baburan gudu an ƙera su ne da wuya a tsaye, kusan digiri 24 a irin nawa, da gajeriyar tazara tsakanin tayoyi, domin su riƙa shan kwana cikin sauri. Wannan ƙirar da ke sa su biyayya a kwana ita ce kuma ke sa kansu saurin fizga idan tayar gaba ta yi sauƙi ta sake dira a karkace. Ka ce shi ya sa Honda ta sa wa CBR1000RR damfa mai aiki da kwamfuta tun 2004, wadda ke sassautawa idan ana tafiya a hankali, ta ƙara riƙo idan gudu ya ƙaru, amma R6 ba ta zuwa da damfa daga kamfani, sai mai ita ya nema ya ɗaura.

Daga nan ka jera mini su a kan tebur, kuma a nan ne na ga bambancin mai sana'a da mai neman ciniki. Akwai mai siffar sanda, wadda sandar ƙarfe ke shiga da fita cikin bututu tana tura mai ta wata 'yar ƙaramar kafa, irin wadda kamfanin Öhlins na ƙasar Suwidin da Hyperpro na ƙasar Holan suka shahara da ita. Akwai kuma mai siffar ƙaramin akwati da ke zama a saman wuyan babur, wadda wani fiffike ke juyawa a cikin mai, irin ta Scotts da GPR na Amurka. Ka ce kowace tana aikinta idan ta asali ce, abin dubawa shi ne inda za ta zauna da irin tafiyar da mai babur yake yi. Mai sanda idan aka ɗaura ta a gefe, a jikin firam, tana buƙatar doguwar sanda, kuma ita ce ke fara taɓa ƙasa idan babur ya faɗi ta wannan ɓangaren. Idan kuwa aka gicciye ta a gaban tanki, gajera ta wadatar, tana cikin kariya, kuma hannu na isa ga maɓallin saitinta cikin sauƙi. Mai akwati ba ta cin wuri, amma ka gargaɗe ni cewa a wasu baburan tana matse wurin makulli.

Sai ka tambaye ni tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini: ina nake yawan hawa? Na ce kwana biyar a mako cikin gari nake, daga gida zuwa wurin aiki, ina kutsawa cikin cunkoson Terminus da Farin Gada, sai ƙarshen mako nake fita hanyar Bauchi ko ta Akwanga. Ka ce to, wanda ke yawan juyi a ƙuntataccen wuri ba ya son damfar da za ta riƙe masa kai a kowane lokaci, gara wadda riƙonta ke ƙaruwa gwargwadon saurin fizgar, ta bar kan sakayau idan mutum na juyawa a hankali, ta taurare idan rami ya fizge shi. Da wannan hujja muka tsaya a kan Hyperpro mai irin wannan aiki, wadda ake gicciyewa a gaban tanki. Akwai wadda ta fi ta tsada a kan teburin, kuma na ga alama da ka matsa mini da na saya, amma ba ka ko nuna ta da yatsa ba.

Game da mai launin zinariyar nan ta cikin wayata kuwa, ba ka tsaya dogon bayani ba. Ka ɗauko wata irinta da aka cire daga babur ɗin wani, ka ce in ja sandar. Na ja, sai ta zo sakaka a farko, sannan ta cije, ga mai yana tsatsafowa ta bakin roba. Ka ba ni ta asalin, na ja, ta tafi sumul da nauyi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka ce abin tsoro a jabu shi ne ta cije a tsakiyar kwana, ko mariƙinta ya karye ya tokare kan babur. Tun daga wannan lokaci ban sake buɗe hoton ba.

Na tsaya na kalli ɗaurin da idona, kuma ina yaba wa babban yaronku da ya yi aikin. Mariƙin da aka yi domin R6 ya yi amfani da shi, bai huda ko'ina ba, bai yi walda ba, kuma kowane noti da sifana mai awo ya ɗaure shi, ya ɗiga masa maganin hana kwancewa. Da ya gama, ya juya kan babur har ƙarshe hagu da dama ya nuna mini cewa sandar tana da sauran tafiya a kowane gefe, domin ba a so damfa ta zama ita ce ke tsayar da kai, in ba haka ba za ta lalace ko ta karya mariƙi. Ya duba wayoyi da igiyar totur ya tabbatar babu abin da ke gogawa. Sannan kai da kanka ka mayar da saitin can kusa da mafi laushi, ka ce in riƙa ƙara ɗaya-ɗaya ina gwadawa, kada in yi zaton ƙara tauri shi ne ƙara tsaro, domin damfar da ta yi tauri fiye da kima tana hana mutum gyara tafiya, tana iya kuma sa babur ya riƙa lilo da gangar jikinsa gaba ɗaya idan ana gudu. Har ka tuna mini da sanyin Jos, cewa da sassafe a lokacin hunturu man ciki yakan yi kauri, don haka kada in yanke hukunci a kan saiti kafin rana ta ɗaga.

Yau wata huɗu ke nan. Na bi hanyar Riyom sau da dama, na kuma taka wurare marasa kyau da ban hango ba, abin da nake ji bai wuce kan ya ɗan girgiza sau ɗaya ya koma daidai ba. A cikin gari kuwa nakan manta ma da tana nan. Geji yanzu yana cikin aljihun rigata, kuma ba na fita doguwar tafiya sai na auna tayoyi tun suna da sanyi, kamar yadda ka hore ni. Mahaifiyata, wadda ta fi kowa shiga damuwa da ta ji abin da ya faru, ta ce lallai in isar muku da gaisuwarta da addu'arta.

Maigida, na gode da gaskiyar da ka gaya mini a ranar da ta fi sauƙi ka karɓi kuɗina ka sallame ni. Na gode wa babban yaronku da sauran yaran da suka tsaya har bayan la'asar a kan aikina ba tare da ƙosawa ba. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya buɗa muku kasuwa, ya tsare ku da duk mahayan da ke fita daga ƙofar shagonku. Zan kawo babur ɗin a farkon damina domin a sake duba boris da notukan mariƙin, kamar yadda muka yi alkawari.

Wassalam.

Naku mai godiya,
Mai R6 shuɗiya, daga Jos.